Shekarar Farko a Jami'a: Baƙon da Ba Shi da Mai Masauki

Duk shekara, da zarar an liƙa sakamakon ɗaliban shekarar farko a bangon tsangayoyi, sai a sake jin maganar nan da kunne ya gaji da ita: wai matsayin ilimi ya faɗi. Malamin jami'a ya ce lise ce ke turo masa yaran da ba sa iya rubuta layi biyar na Faransanci ba tare da kuskure goma ba. Malamin lise ya ce haka kwaleji ta miƙo masa su. Na kwaleji ya nuna firamare da yatsa, na firamare kuma, da yake babu kowa ƙasa da shi sai uwaye, ya ɗora musu kayan. Haka maganar ke gangarowa kamar ruwan indararo har ta tsaya bisa kan wanda ba shi da bakin ramawa, wato manomin Tanut ko mai saƙar tabarma ta Madawa da suka kai akuya kasuwa domin ɗansu ya sami kuɗin mota zuwa Yamai. Daga nan kowa ya kakkaɓe rigarsa, sai kuma baɗi.

Ba a ce zancen ƙarya ne tsagwaronta ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da aka shiga cika azuzuwa da malaman sa-kai, daga bisani ƴan kwantaragi, aka miƙa wa matasa da yawa alli ba tare da an ba su horon kirki ba, lakkwal ta ƙasar nan ta ji jiki, kuma babu malamin da zai musa. Sai dai akwai abin da masu wannan magana ke tsallakewa da gangan. Yaron da ake kuka da shi ba a bakin titi aka tsinto shi ba. Ya yi shekara 13 bisa benci, in bai maimaita ko aji ɗaya ba; ya tsallake BEPC; ya tsallake bak, jarrabawar da a mafi yawan shekaru mutum ɗaya cikin huɗu ke samu, in an yi sa'a ɗaya cikin uku. To, su wa ke shugabantar kwamitocin da ke yanke hukuncin bak? Malaman jami'a ne. Shekaru da dama ma jami'ar Yamai ce da kanta ke shirya jarrabawar. Ashe ke nan mutumin da ya sa hannu da damina, ya shaida cewa yaro ya cancanci shiga jami'a, shi ne ke nuna shi da rani yana cewa bai san kome ba. Ko dai shaidar farko ta zur ce, ko kuwa akwai abin da ke samun yaron tsakanin ƙofar jami'a da allon sakamako wanda ba a son faɗa.

Abin da ke samunsa ba ɓoyayye ba ne: baƙo ne ya sauka garin da babu wanda ya fito tarbarsa. An ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma duk inda mutane suka san darajar kansu sukan ba makahon nan ɗan jagora na ƴan kwanaki har ya gane hanya. Jami'ar ƙasar nan ita ce gidan da ke gayyatar baƙi dubbai a kowace shekara, ta karɓi kuɗin rajistarsu, ta bar su tsaye a zaure, sa'an nan bayan wata tara ta fito da takarda tana ƙirga waɗanda suka yi tuntuɓe.

A ɗauki ɗan Damagaram da aka tura Jami'ar Abdu Mumuni. Kusan kilomita 900 ne tsakaninsa da gida. Ya ratsa Tasawa da Maraɗi da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso cikin yini guda, ya sauka tasha da jakarsa da ƙullin garin rogo ko ƙuli-ƙulin da uwarsa ta ɗaure masa, ya nemi hanyar gadar Kennedy, ya ƙetare kogin Isa zuwa Harobanda. Abu na farko da zai iya ji a can shi ne ba a fara karatu ba, kuma babu mai iya gaya masa ranar farawa. A shekarun 2010 an sha ganin shekarar karatu ta hau kan wata shekarar: waɗanda suka sami bak bana suna zaman jiran ƴan bara su gama zangonsu, saboda yajin aikin malamai ko na ɗalibai ko ƙarancin ɗakunan karatu. Yaron da aka saba wa ƙararrawa tun yana ɗan shekara bakwai sai ya tsinci kansa cikin watannin da ba su da Litinin ba su da Juma'a. Kuɗin da aka haɗa masa na wata uku su ƙare kafin ya ga fuskar malami ko ɗaya. Ɗakunan kwanan ɗalibai ba su isa ba, kuma tsofaffin hannu sun riga shi sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Kuɗin tallafin gwamnati, burs ɗin nan da ake ta zance, ba kowa ke samu ba, wanda ya samu kuma ya sha jiran watanni kafin su fito. Saura ya raɓa wurin wani ɗan garinsu a wata unguwa mai nisa, ya tashi da asuba ya bi layin motar ɗalibai, ya bi layin tikitin resto, ya bi layin neman wurin zama. Duk wannan bai shafi hankalinsa ko ƙoƙarinsa ba, amma duk zai fito a sakamako da sunan faɗuwar matsayi.

Ta ɗiya mace kuwa ta fi ƙarfin a faɗe ta a taƙaice. Da yawa uwaye ba sa yarda ta kwana cikin jami'a, sai a damƙa ta ga wata gwaggo ko wani kawu na nesa. Gidan ya sami ƙarin hannu: ita ce shara, ita ce wanke-wanke, ita ce kai yara lakkwal. Darasin da aka ɗaga zuwa ƙarfe shida na marece ya zama abin tuhuma, domin mai gida bai taɓa jin makarantar da ake tashi bayan magariba ba. In ta faɗi, amsa tana nan a shirye tun kafin ta dawo gida: dama aure ya fi mata.

Amma a ce an warware duk waɗannan, an ba kowa ɗaki da abinci da burs a kan kari. Babban ramin yana nan cikin ɗakin karatu, kuma a nan ne malaman lise ba su da damar wanke hannunsu. Me yaro ya koya cikin shekara 13? Ya koyi kwafa. Mushe ya tsaya gaban allo ya rubuta, ko ya riƙe tsohon littafinsa yana karantowa a hankali, yana faɗin inda za a sa waƙafi da inda za a koma sabon layi, yara suna bi da alƙalami. Da dare a haddace, ranar jarrabawa a mayar wa mai kaya kayansa. Wanda ya fi mayarwa daidai shi ne na ɗaya. A ajin tarminal abin ya fi tsanani, domin kowa idonsa na kan bak: ana bitar tsofaffin tambayoyi, ana haddace amsoshin da aka riga aka tsara, har da na falsafa, fannin da aka ƙirƙira domin mutum ya yi tunani da kansa. Malamin yana da hujjarsa, aji ya cika, littattafai babu, manhaja doguwa ce, sufeto na tafe. Hujjar gaskiya ce, amma yaron ne zai biya.

Domin kuwa ranar da ya shiga anfi, babban ɗakin nan mai hawa-hawa, cikin ɗaruruwan ɗalibai, wani mutum zai hau dandamali da abin magana a hannu ya yi awa biyu ko uku yana zuba Faransanci irin na wanda ya yi shekaru a Faransa, ba waƙafi ba sabon layi, ya tattara takardunsa ya fita. Abin da ake so yaron ya yi a cikin awoyin nan aiki huɗu ne a lokaci guda: ya ji, ya gane, ya zaɓi abin da ya kamata a riƙe, ya taƙaita shi da kalmominsa. Babu ranar da aka taɓa koya masa ko ɗaya daga cikin na ƙarshen biyu. Sai ya yi abin da ya iya, ya shiga rubuta kowace kalma, jimla ta uku ta tsere masa yana kan ta farko, ya leƙa takardar na kusa da shi ya tarar shi ma leƙen yake. Bayan mako biyu ya gane cewa zuwan ba shi da amfani, gara ya sayi fotokopin darasin bara wurin mai shago ya haddace. Ya koma ga sana'arsa ta lise ke nan, a wurin da aka ce ba ta ci.

Me ya hana shi ɗaga hannu ya ce bai gane ba? Wanda ya yi wannan tambaya bai san lakkwal ba. Faransanci ga yaron nan harshe ne na rubutu da na amsa tambaya. Bai taɓa yin gardama da shi ba, bai taɓa ciniki da shi ba, bai taɓa neman bayani da shi ba sai da zuciyarsa ta buga. Ko da an daina rataya wa yara sambol a wuya don sun yi harshen uwa a farfajiyar makaranta, tsoron bai tafi ba. Ya koma dariya. Kuskure ɗaya na namiji da mace a cikin jimla ya isa ɗaki mai mutum ɗari biyar ya kwashe da shewa, a laƙaba wa mutum suna har ya gama jami'a. Ga kuma tarbiyyar gida, wadda ta koya masa cewa yaro ba ya katse babba, ba ya kafa masa ido, ba ya nuna masa cewa bayaninsa bai fita ba. Kunyar da ake yabonsa da ita a zauren ubansa ita ce ake rubuta masa a matsayin dolanci a Harobanda.

Abin mamaki shi ne, darasin yana shiga daga baya, amma ba a anfi ba. Duk wanda ya zaga jami'a da dare ya ga ƙungiyoyin yara huɗu-huɗu, biyar-biyar, ƙarƙashin fitila, gaban wani guntun allo, ɗaya yana yi wa saura bayani. Da wane harshe? Da Hausa, da Zabarmanci, kalmomin fannin kawai ke fitowa da Faransanci. A nan ne ake cewa «tsaya, ban gane ba, sake», a nan ne ake kawo misali da gona da kasuwa da rabon gado, a nan ne dokar da aka ji da safe kamar ƙarar ruwa take zama magana. Rabin karatun shekarar farko da harsunan ƙasa ake yinsa, a ɓoye, kyauta, kuma jami'a ba ta san da zamansa ba, ko ta sani ta kau da kai don kada a ce darajarta ta ragu.

Wannan kau da kai ya fi ciwo idan aka tuna sunan da ke rubuce a ƙofar gidan. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar lissafi da hasken rana, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1979 kuma aka sa mata sunansa a 1992, shekara guda bayan rasuwarsa, shi ne ya wallafa L'éducation en Afrique tun 1964, inda ya tsaya kai da fata cewa ilimin da bai ratsa ta harsunan Afirka ba ba zai zauna ba. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, kuma makarantun nan suka yi shekaru gommai ana ce musu na gwaji, kamar tuwon da aka ƙi saukewa don kada a ce ya nuna. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a koyarwa. Dokar 2001 ta jera harsunan ƙasa guda 10. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Takardu sun yi tuli. Amma babu mai neman a juya darasin likitanci zuwa Hausa gobe da safe; abin da ake nema ƙarami ne ainun, wato a yarda cewa sabon ɗalibi yana da haƙƙin a sake masa bayani da harshen da yake tunani da shi, Hausa ne ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Kanuri ko Tamajak, har Faransancinsa ya yi ƙwari. Wanda ya gane abu da harshen uwarsa ya fi saurin iya faɗinsa da Faransanci bisa wanda ya haddace shi bai gane ba. Kowane malamin Faransanci ya san haka, ko da ba zai faɗa gaban sufeto ba.

Akwai amsa guda da manya ke bayarwa duk lokacin da aka tayar da wannan zance, kuma ya kamata a tsaya a kanta, domin ita ce katangar da kowa ke fakewa bayanta: «Mu ma haka muka sha, ga mu nan mun zama mutane.» Ba haka suka sha ba. Lokacin da aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi ta Yamai a 1971, wadda ta zama jami'a a 1973, ɗalibanta ba su wuce a ƙirga su da suna ba. Malami ya san kowa. Zamanin kuɗin yuraniyom ne, mai bak yana da tallafi, yana da gado, yana da abinci, kuma gwamnati ta riga ta tsara masa wurin aiki tun bai gama ba. A 2017 ɗaliban jami'ar nan sun haura 20.000. Wanda ya yi karatu cikin aji mai mutum talatin ba shi da bakin gaya wa wanda ke zaune bisa taga, takarda a gwiwa, cewa wahala ce ke gyara mutum. Kuma in sun manta ranar da wancan zamani ya ƙare, tana da kwanan wata: 9 ga Fabrairu 1990, ranar da ɗalibai suka hau gadar Kennedy suna ƙin matakan tsuke bakin aljihu da aka ƙulla da Bankin Duniya, aka buɗe musu wuta, 3 suka rasu. Da yawa daga cikin masu cewa yaran yanzu ba su da juriya suna kan gadar nan ran nan, suna neman abin da yaran yanzu ke nema.

Amsa ta biyu ta fi ta farko wayo. Ita ce mai cewa jami'a ba gidan reno ba ce, rariya ce, kuma aikin shekarar farko ke nan, ta tace. To, a duba abin da ke saura cikin rariyar. Ɗan ma'aikacin Yamai da ya tashi ana Faransanci a teburin cin abinci, ya yi lise mai zaman kanta, yana kwana ɗakinsa, yayansa ya riga shi shiga tsangayar ya bar masa takardu da sunayen malamai da halin kowannensu, wannan ba ya faɗuwa sai ya so. Wanda ke zubewa shi ne na farko a zuriyarsu da ya taɓa kai wa nan, wanda babu mai gaya masa a gida mene ne zango, mene ne maki, ina ake kai kuka in an ɓatar da sakamako. Sau da yawa shi ne ya fi kaifin kai, domin ya iso inda ɗayan ya iso ba da jagora ba. Rariyar da ke riƙe na farko ta zubar da na biyu ba ƙwaƙwalwa take aunawa ba, gidan uba take aunawa. Ƙasar da ta kashe kuɗin shekara 13 a kan yaro, ta fitar da shi daga cikin dubban da suka zube a hanya, sa'an nan ta yar da shi cikin wata tara don ta ƙi kashe kuɗin jagora, ba tsanani take nunawa ba, almubazzaranci take yi.

Wurin da hukuma ta bari fanko, wasu sun cika shi. Wanda ke tarbar sabon ɗalibi a zahiri shi ne ƙungiyar ɗalibai ta USN da reshenta na jami'a, da ƙungiyoyin ƴan gari ɗaya, da na masallaci. Su ke nuna masa ofishin rajista, su ke matsa masa wuri a ɗaki, su ke kai shi likita in zazzaɓi ya kayar da shi. A yaba musu. Ba don su ba da abin ya fi haka muni. Sai dai kowane mai masauki da irin tarbiyyar da yake ba baƙonsa. Yaron da hannun farko da ya riƙe shi na ƙungiya ne zai san filin taron gangami kafin ya san ƙofar ɗakin littattafai, kuma zai ɗauka cewa ba a samun kome a jami'a sai an tare hanya, abin da kuwa magabata suka sha tabbatar masa da shi, tun da sau da yawa burs ba ta fitowa sai an ƙona taya. A watan Afrilu na 2017 ɗalibi ya rasa ransa a irin wannan rana, aka rufe jami'a. A 2018 rikici tsakanin malamai da sashen kiyaye oda na ƙungiyar ɗalibai ya tsayar da karatu makonni. Duk lokacin da haka ta faru sai a ce ƙungiya ta yi ƙarfi fiye da kima. Wa ya ba ta ƙarfin? Wanda ya bar mata baƙi.

A nan ne maganar ta iso ƙofar ƙungiyoyin raya al'adu. Babu abin da al'adar ƙasar Hausa ta tsara da kyau kamar shigar sabon mutum sabon wuri. Falken da ya kai goro ko ya je saro shi Gwanja ba ya sauka a kasuwa. Yana da fatoma, mai masaukin da zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa dukiya, ya yi masa tafinta, ya gaya masa wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, kuma da wannan tsari ne zangon Hausawa ya kafu daga Salaga har Kumasi. A makarantar allo, duk da abin da ake iya faɗa game da halin da almajirai ke ciki, kolo ba ya zama shi kaɗai gaban alaramma. Akwai gardin da ke biya masa, ya duba allonsa, ya san inda ya kwana. Amarya ba a tura ta gidan miji da adireshi a hannu: ana raka ta, ƙawaye su zauna da ita, a ba ta kwanaki kafin ta shiga girki. Mutanen da suka san duk wannan su ne ke sa ɗansu mota shi kaɗai zuwa wuri mafi wuya da zai taɓa shiga, da addu'a da jika goma.

Ƙungiyoyin kuwa me suke yi? Makon al'adu. A ɗinka riguna, a naɗa wa wani ɗalibi rawani a ce shi ne sarki, a kira makaɗa, a yi wasan kwaikwayo a kan auren dole, babban baƙo ya yi jawabi da Faransanci a kan muhimmancin harshen uwa, a ci a sha a watse. Babu laifi a nishaɗi. Amma al'adar da ta tsaya ga rawani da kalangu ta zama kayan ado. In ƙungiyar ƴan Maraɗi ko ta ƴan Tawa tana son a san ta da riƙon gargajiya, ga gargajiya nan tana jira a tasha kowace shekara: a san yaran jaha nawa suka sami bak, a san inda aka tura kowannensu, a haɗa kowane sabo da wani na shekara ta uku a fanninsa wanda zai amsa sunan mai masaukinsa, a kuma tambaye shi labarin baƙonsa a ƙarshen zango. Kuɗin hayar kujerun biki ɗaya sun isa wannan aiki.

Wani zai ce ai an rage nisa, tun da a 2010 an buɗe jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, a 2014 kuma na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. An rage, kuma alheri ne babba. Sai dai an ɗauki anfi da halinsa an kai can. Ɗan Mayahi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya tsira daga kilomita ɗaruruwa, bai tsira daga awa uku na Faransancin da ba a tsayawa ba. Tsarin LMD da ƙasashen UEMOA suka amince da shi a 2007 ya ma ƙara nauyi a kan sabon shiga: an raba shekara zango biyu, kowane zango maki 30, kuma an gina lissafin bisa cewa ɗalibi zai yi wani kaso mai yawa na aikin shi kaɗai, a ɗakin littattafai ko gaban kwamfuta. Jarrabawar farko tana zuwa tun bai gama sanin sunayen darussansa ba. A ƙasashen da aka aro tsarin, yana tafe da ƙananan azuzuwan bita da malamin da ke bin kowane ɗalibi. A nan an ɗauko kwandon an bar gammon.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Jami'a tana da ɗaliban digiri na biyu da ke neman abin sayen sabulu; a ɗauke su da ɗan albashi, a ba kowane sababbi ashirin, awa biyu a mako, a kuma faɗa a fili cewa a cikin awoyin nan babu harshen da aka hana. Makonni huɗu na farko a keɓe su ga koyon ɗaukar bayani, karanta littafi, neman abu a ɗakin littattafai da intanet, kafin a fara ƙirga maki. Sakamakon shekarar farko kuma a riƙa shelanta shi kamar yadda ake shelanta na bak, tsangaya-tsangaya, jaha-jaha, maza da mata, domin shugaban tsangayar da ɗalibansa suka zube ya amsa tambaya kamar yadda shugaban lise ke amsawa.

Malaman lise su ma suna da abin da ba ya bukatar izinin minista. Daga zango na biyu na tarminal, ko da awa ɗaya a mako, malami ya ajiye littafin karantowa, ya yi magana ta minti ashirin, ya bar yara su rubuta abin da suka kama, ya karɓa ya duba, ya nuna musu abin da ya kamata a riƙe da abin da ya kamata a bari. Za su yi gunaguni, uwaye ma za su zo su ce ana ɓata wa yara lokacin bak. Ya kuma hana dariya a ajinsa, hani mai tsanani, har yaro ya saba yin tambaya da karyayyen Faransanci ba tare da ya mutu don kunya ba. Tsakanin fitowar sakamakon bak da buɗe jami'a akwai aƙalla wata biyu, wani lokaci fiye. Azuzuwan lise a rufe suke, tsofaffin ɗalibai sun dawo hutu suna zaman fada suna dafa shayi, sababbin kuma suna yawon karɓar barka. Mabuɗin ajin yana aljihun mai gadi.